A tura malaman jami'a Sharaɗa kafin a tura su Jamus

Ranar Litinin ce, a makona na uku a kudancin Jamus. Muna zaune a ɗakin taro na sashen da aka ba da ni aro, sai ga wani dattijo ya shigo da kayan aiki a jikinsa, da takalmin nan mai ƙarfe a baki. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ajiye wani abu naɗe cikin tsumma a kan tebur, ya warware. Guntun ƙarfe ne da bai wuce tafin hannu ba, daga cikin famfunan da kamfaninsa ke ƙerawa, ya tsage ta gefe guda. Wata ɗaliba da ke zaune kusa da ni tana fassara mini ƙasa-ƙasa: wannan shi ne na huɗu da aka dawo masa da shi cikin wata biyu, kuma duk a wuri ɗaya suke tsagewa. Ma'aikatansa ba su kai hamsin ba. In mai sayen nan ya juya masa baya, dole ya sallami mutane.

Farfesan da nake ƙarƙashinsa ya ɗauki ƙarfen, ya jujjuya shi, ya matsa da shi bakin taga. Sai ya shiga jero tambayoyi. Wane irin ruwa ne ke bi ta ciki? Zafinsa nawa? Wa ke zuba muku ƙarfen? Ko kun canza mai zubi kwanan nan? Dattijon ya ce eh, bara suka koma wurin wani mai sauƙin farashi. Kafin mako ya zagayo an aika masa takarda mai shafi uku: ga gwajin da za a yi, ga makonnin da zai ɗauka, ga kuɗin. Wani ɗalibin digiri na biyu ya ɗauki aikin ya zama kundinsa. Ban bar ƙasar ba sai da aka gano cewa sabon mai zubin yana gaggawar sanyaya ƙarfen. Aka gyara, dattijon ya biya, yaron ya kammala, kamfanin kuma ya riƙe shi aiki.

A daren ranar na daɗe ban runtsa ba. Shekarata 14 ina koyar da injiniyanci a wata jami'a a Arewa, kuma ko sau ɗaya mai masana'anta bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofar ofishina da karyayyen abu a hannu ba. Ni ma ban taɓa taka ƙafa na je na tambaye su me ke karye musu ba. Wannan shi ya fi damuna, domin na san hanyar filin jirgin sama, na san yadda ake cike takardar biza, amma ban san sunan manajan masana'anta ko guda a Sharaɗa ko Chalawa, unguwannin masana'antu na Kano, ba.

Wani shiri na musayar masu bincike ne ya kai ni can na wata shida, a wata jami'ar fasaha ta jihar Baden-Württemberg. Aikina shi ne in zauna da malamai da masu masana'antu da ɗalibai, in fahimci yadda jami'a da masana'anta ke aiki tare. Na tafi da jerin tambayoyi a kan dokoki da ofisoshi, don a zatona sirrin yana cikin wata doka ko wani katafaren gini. Da na tambayi Farfesan wane ofis ne ya turo dattijon nan, sai ya ce babu wani ofis. Shekara 11 ya yi a masana'anta kafin ya zo koyarwa, kuma a can suka san juna. Mutumin ya kira shi ne a waya kamar yadda ɗan kasuwa ke kiran abokin cinikinsa.

Daga nan na fara tona, na gane wannan ba dacen mutum ɗaya ba ne. A irin waɗannan jami'o'in fasaha na Jamus, digirin digirgir kaɗai ba ya isa a ba ka kujerar farfesa. Doka ta ce sai ka yi aƙalla shekara 5 kana aiki da iliminka, kuma 3 daga ciki dole su kasance a wajen jami'a. Bayan ka hau kujerar ma, akwai damar a sake ka zango guda ka koma masana'anta ka ga abin da ya canza. Saboda haka malamin da ke tsaye gaban allo ya taɓa jin zafin odar da ta makara, ya taɓa tsayawa gaban mai saye da ya fusata. In mai masana'anta ya zo masa da magana, yarensu ɗaya.

Ɗaliban ma haka. A wannan jiha akwai tsarin karatu mai fuska biyu da ya faro a 1974, bayan kamfanoni irin su Bosch da Daimler-Benz sun nemi a samar da shi, kuma a 2009 aka mayar da shi cikakkiyar jami'a. Ɗalibi ba ya samun gurbi sai wani kamfani ya fara ɗaukarsa. Wata uku a aji, wata uku a bakin inji, haka har shekara uku, kuma kamfanin na biyansa kowane wata. Na zauna da wata yarinya 'yar shekara 20 da ke wannan karatun. Ta nuna mini littafin lissafinta, misalan da ke ciki daga layin aikin da take tsayawa a kai ta ɗauko su.

Duk wanda ya je Jamus a kan wannan batu sai an ambata masa Fraunhofer. Ƙungiyar cibiyoyin bincike ce da aka kafa a birnin Munich a 1949, yau tana da cibiyoyi sama da 70, ma'aikata sama da dubu 30, da kasafin da ya haura Yuro biliyan 3 a shekara. A cibiyarta ta Erlangen aka haɗa fasahar MP3 da muke sauraren karatu da wa'azi da ita a wayoyinmu. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ake ba ta kuɗi. Gwamnati tana ba da kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai a matsayin tushe, sauran sai cibiya ta nemo ta hanyar kwangilar bincike daga kamfanoni da hukumomi. Tun 1973 aka ɗaure kuɗin gwamnatin da abin da aka samo daga waje. Cibiyar da masana'antu ba sa neman ta, ita ma tana ji a aljihunta. Kuma yawancin shugabannin cibiyoyin farfesoshi ne a jami'ar da ke maƙwabtaka da su, ƙafa ɗaya a aji, ɗaya a wurin kwangila.

Amma ni abin da ya fi kama da halinmu wani tsari ne da ba a cika kai baƙi gani ba, don ba shi da ginin da za a ɗauki hoto a gabansa. Tun 1954 ƙananan kamfanonin Jamus da ke sana'a iri ɗaya suke haɗa kai cikin ƙungiyoyin bincike: masu saƙa da tasu, masu sarrafa abinci da tasu, masu walda da tasu. Kamfani mai ma'aikata talatin ba zai iya riƙe ɗakin gwaje-gwaje ba, amma kamfanoni ɗari masu matsala guda za su iya zama su ce ga abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Ƙungiya ta miƙa tambayar ga jami'a ko cibiya, ma'aikatar tattalin arziki ta sa kuɗi, wakilan kamfanonin su riƙa zama lokaci-lokaci suna duba ko aikin bai kauce hanya ba, sakamakon kuma na kowa ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu muka faɗa, su suka mayar da shi tsarin aiki.

Ba zan ɓoye abin da na gani na rashin daɗi ba. Na haɗu da ɗaliban da aka kulle kundinsu na wasu shekaru saboda sirrin kamfani, ba su da ikon nuna wa kowa aikin da suka sha wahala a kai. Na haɗu da matasan masu bincike da ke rayuwa daga kwangilar shekara biyu zuwa wata, ba su san inda za su kwana a baɗi ba. Wata doka ta 2007 ce ta ba da damar riƙe su a haka har shekara 6 kafin digiri na uku da wasu 6 bayansa, kuma a 2021 dubbansu suka yi ta kuka da ita a intanet. Sannan ba kowane haɗin gwiwa ke ƙarewa da riba ba. Motar lantarki ta StreetScooter daga jami'ar Aachen ta fito a 2010, kamfanin gidan waya na Jamus ya saye ta a 2014, aka yi ta yabo, daga baya asara ta yi yawa har ya rabu da harkar. Wani malamin falsafa da muke haɗuwa wurin cin abinci ya ce mini yana tsoron ranar da za a riƙa auna kowane ilimi da abin da kamfani zai biya. Tsoronsa yana da tushe, kuma na dawo da shi a raina.

Da na dawo gida na rubuta rahoto mai shafi 60, na gabatar a taron sashe, aka yi tambayoyi, aka ajiye. Na san inda irinsa ke ƙarewa, domin na ga na waɗanda suka riga ni. Mukan je, mu ga gine-gine da na'urori, mu dawo mu ba da shawarar a gina cibiyar ƙirƙira, a sa hannu kan yarjejeniyar fahimtar juna, a kafa kwamiti. Ana yin duka ukun. Ginin na nan, takardar na cikin fayil, mai masana'anta kuma har gobe bai san da zamansu ba.

Hukumomi kam ba mu rasa ba. Asusun ITF na horar da ma'aikata tun 1971 yake, shirin SIWES na tura ɗalibai masana'antu tun 1973. Hukumar NOTAP mai kula da shigo da fasaha da bunƙasa ta ta buɗe ofisoshin mallakar fasaha a jami'o'i da dama. A Zariya kaɗai akwai cibiyar binciken fata da ta sinadarai. Kamfanoni masu rajista sun yi shekaru suna biyan harajin ilimi da ke shiga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, harajin da ya faro da kashi 2 cikin 100 na riba a 1993, aka kai shi kashi 3 a 2023. Wato masana'antu sun daɗe suna ciyar da jami'a. Sai dai kuɗin ta Abuja yake bi, ya dawo a matsayin ɗakin lacca ko tallafin karatu, mai biya da mai karɓa ba su taɓa haɗa ido ba. Shi yana ganin an karɓe masa haraji, mu muna ganin gwamnati ce ta ba mu.

SIWES ɗin ma kowa ya san yadda yake tafiya. Yaro ya yi ta yawo da wasiƙa yana neman inda za a karɓe shi. In ya dace, wata shida yana kallo daga nesa ko ana aikensa, ya cike littafin rahoto, a buga masa hatimi. Malamin da zai duba shi ya je sau ɗaya, ya gaisa da mai kula da shi, ya sa hannu, ya kama hanya. Na yi wannan zagayen shekara da shekaru. Ina shiga harabar masana'anta da ƙafata, amma ban taɓa tsayawa na ce a nuna mini injin da ya fi ba su ciwon kai ba, saboda babu wanda ya aike ni da wannan, kuma babu inda za a rubuta mini shi.

Nan ne gizo ke saƙar. Malamin jami'a a Najeriya da maƙala yake hawa. Daga ƙaramin malami zuwa farfesa, abin da kwamitin ƙarin girma ke ƙirgawa shi ne maƙaloli nawa ka buga, a wace mujalla, kai ne na farko a jerin sunaye ko na uku. In ka shafe wata shida a majema kana neman yadda za a rage gubar da ke gangarawa kogin Chalawa, ka yi nasara, mai majemar ya yi maka godiya, a takardar ƙarin girma ba ka yi komai ba. Abokinka da ya zauna a ofis ya fitar da maƙala uku shi zai wuce ka. Malamai ba wawaye ba ne, suna da iyali, inda aka sa lada nan suke bi. Ta ɗaya ɓangaren kuma, injiniyan da ya yi shekara 25 yana tafiyar da tukunyar tururi a masana'anta, in ya nemi koyarwa, tambayar farko ita ce ina digirinsa na uku. Mun rufe ƙofar ta ciki da ta waje, sannan muna mamakin abin da ya sa ba a shiga ba a fita.

Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri ta Kaduna, da albashin masaƙa aka yi mana karatu. Masaƙar KTL tun 1957 take, UNTL ta biyo baya a 1964, kuma a jami'a da kwalejin fasaha an buɗe sassan koyar da ilimin saƙa don su. Na girma ina jin jiniyar canjin aiki, na kuma ga lokacin da ta yi shiru. Ban ce bincike ne zai ceci masaƙun ba. Fasa-ƙwauri da rashin wuta da tsadar baƙin mai da lalacewar noman auduga sun fi ƙarfin kowane farfesa. Amma na tuna Baba yana ba da labarin yadda zare ke yawan tsinkewa in hunturu ya shigo iska ta bushe, da dabarun da su da kansu suka ƙirƙiro a bakin inji. Wannan ilimin da su ya tafi gida, da yawansu kuma sun tafi da shi kabari. Babu ɗalibin da aka tura ya zauna da su ya rubuta.

Duk da haka, a ƙasar nan tamu akwai inda abin ya yi aiki, kuma bai kamata mu riƙa yi kamar sai a Turai ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tun 1922 take, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Irin masara na SAMMAZ, na wake SAMPEA, na gyaɗa SAMNUT, daga can suka fito, kamfanonin iri suna ninka su suna sayarwa, manomi yana shukawa. A Shika aka fitar da kazar Shika Brown. Dalilin da ya sa na noma ya fi na injiniyanci tafiya a bayyane yake: mai binciken noma dole ya shiga gona, kuma manomi zai gaya masa gaskiya a fuska in irin bai yi ba.

Misalin da ya fi burge ni shi ne buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda ake adana wake ba tare da magani ba. Masana na jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu a arewacin Kamaru ne suka faro aikin tun ƙarshen shekarun 1980. Masu bincike a Maraɗi sun yi ta gwada shi, daga 2007 aka baza shi a ƙasashen yankin, kuma a Kano kamfanin Lela Agro ke ƙera shi. Hikimar ba ta da wuya: in ka toshe iska, ƙwaro ya shanye wadda ta rage, sai ya mutu. Amma ba a tsaya a maƙala ba. An shiga ƙauyuka, a ɗaure buhu a gaban jama'a, bayan watanni a dawo a buɗe a gabansu, kowa ya damƙi waken ya gani. An zauna da mai masana'anta a kan kaurin leda da farashi, an zauna da dillalai. Wanda ya tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan maganin ƙwari, ya san wannan buhun ba ƙaramin abu ba ne. Jami'a da masana'anta da kasuwa ne suka haɗu a kan tambayar da ta fito daga rumbun manomi.

Saboda haka ra'ayina shi ne, aron da malamin injiniyanci ko kimiyyar abinci ko sinadarai ya fi buƙata na cikin gida ne. Daga Janairun 2025 TETFund ta dakatar da tura malamai karatu waje, saboda tsadar canji da kuma waɗanda ke tafiya ba sa dawowa. Na ji zafin wannan, don ni ganau ne a kan amfanin fita. Amma ko kaɗan daga cikin kuɗin da aka yi tsiminsa zai isa a tura malamai da yawa wata shida-shida zuwa Sharaɗa da Bompai da Chalawa, zuwa injinan shinkafa na Kura, matsar man gyaɗa, rumbunan Dawanau, maƙeran Panteka. Jami'a ta ci gaba da biyan albashi, malami ya je da tambaya ɗaya da mai wurin ya zaɓa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ya dawo da shaidar cewa an auna kafin ya zo, an auna bayan ya gama, kuma an ga bambanci, kwamitin ƙarin girma ya ƙirga masa shi daidai da maƙala. Muddin ba a taɓa wannan takardar ta ƙarin girma ba, duk sauran magana ce. Hutun sabatikal ma da muke zuwa wata jami'a mu koyar da darasin da muka baro a gida, me zai hana a yarda mutum ya yi shi a masana'anta?

Kuma a daina jiran manyan kamfanoni. Masana'antarmu ta gaskiya ƙanana ce, kuma tana da ƙungiyoyi tun da daɗewa: masu casar shinkafa, majema, masu walda, masu matsar mai, kowa da shugabansa da kuɗin ƙungiya. Su ne za su iya yin abin da ƙananan kamfanonin Jamus suka yi. Wani kaso na kuɗin binciken TETFund a ce ba ya fita sai da sa hannun irin wannan ƙungiya, kuma sai ta sa nata ko da kaɗan ne, don wanda ya sa kuɗinsa shi ke bibiya. Kwalejin fasaha ta Kaduna ta riga ta fara aiki da masu sana'ar Panteka wajen ba su shaidar ƙwarewa. Hanya ce da aka fara sharewa, sai a faɗaɗa ta har gogaggen mai sana'a ya shigo aji ya koyar.

Na san abin da abokan aikina za su ce, don sun faɗa mini. Wasu sun ce jami'a ba garejin gyaran inji ba ce. Gaskiya ne, kuma ban ce a tura masanin tarihi ko mai zurfafa lissafi majema ba. Jamus ɗin ma tana da cibiyoyin Max Planck da ke bincike don ilimi zalla, ba mai tambayarsu riba. Magana nake a kan mu da muka ce ilimin aiki muke koyarwa. Wasu sun ce za a mayar da abin hanyar zuwa harkar gaban kai, a dawo da wasiƙar bogi. Zai faru, kamar yadda ake buga maƙalar bogi a mujallar da ake biya a buga. Maganinsa a tura wanda zai je ya gani da ido.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na yanayi. Jamus tana kashe kusan kashi 3 cikin 100 na arzikinta a bincike, kuma kashi biyu cikin uku na wannan daga kamfanoni yake fitowa. Mu ko kashi 1 da Tarayyar Afirka ta sa a gaba ba mu kusanta ba. Mai masana'antar da kuɗin wuta ya ninka masa sama da sau uku a Afrilun 2024, yana kuma sayen gas na janareta, ina ya ga rarar biyan bincike? Wane kamfani ne zai ba da aikin wata uku ga jami'ar da ta rufe wata takwas a 2022? In ma ya biya, daga 2015 an yi shekaru kuɗin yana faɗawa asusun bai-ɗaya na gwamnati, kafin malami ya ga na sayen sinadari mai aikin ya gaji ya ɗauko wani daga Indiya ko Sin. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba laifin malami ba ne. Sai dai ina ganin talaucin ne ma ya sa muka fi buƙatar abin. Wanda ribarsa ta yi siriri shi ya fi jin zafin kowane buhun da ya lalace.

Akwai kuma wani katanga da ba ma son faɗa: raini da tsoro. Mu muna shiga wurin mai sana'a da Turanci da kallon wanda bai yi boko ba. Shi kuma yana ganin mutum da biro da takarda sai ya ɗauka jami'in haraji ne, ko wanda zai kwashi sirrinsa ya kai wa abokin gasa.

Na ɗanɗana wannan da kaina. Wata biyu da dawowata na roƙi wani tsohon ɗalibina ya kai ni wurin kawunsa mai injin shinkafa a Kura. Muka tarar da shi zaune a kan benci, ga shanshera an baza a tamfol cikin rana, ga ƙurar ɓuntu ta rufe ko'ina. Bayan gaisuwa na ce, "Alhaji, na zo ne in ji abin da ya fi damunku a aikin nan."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, ku da kuke zuwa da takardar tambayoyi, mu amsa, ku tafi, shi ke nan? An yi mana haka ya fi a ƙirga."

Na ce ban zo da takarda ba. Ya yi shiru, sannan ya tashi ya ɗebo shinkafa daga bakin inji ya zuba mini a hannu. Kusan rabinta a karye. Ya ce, "To ga shi. Wata rana ta fito lafiya, wata rana haka. Inji ɗaya, ma'aikata ɗaya. Kuma kowane buhu na karyayyiya asara ce."

Na tambayi yadda suke gane gumi ya bushe. Wani yaro ya ɗauki ƙwaya ya ciza ya nuna mini. Haƙori shi ne ma'auninsu, kuma na ga yana kusantar daidai fiye da yadda na zata. Mako na gaba na dawo da ƙaramar na'urar auna danshi da na aro daga sashe. Muka yi kwana uku muna aunawa safe da rana da yamma. Abin da littafi ya faɗa shi muka tarar: shinkafar da aka turara, in ta bushe da gaggawa a tsakar rana, bayan ƙwayar ya bushe cikinta da saura, sai ta tsattsage tun kafin ta shiga inji. Muka gwada busarwa kashi biyu. A shanya, a tattara a rufe a inuwa na wasu awanni danshin ya daidaita, sannan a ƙarasa har ya sauko wajen kashi 14 cikin 100. Ba sabon ilimi ba ne, yana cikin darasin da nake koyarwa a aji uku. Shekara 14 yana cikin allona, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ta raba shi da wanda ke buƙatarsa.

Da aka casa na gwajin, Alhaji ya ɗebo ya baza a tafinsa, ya daɗe yana kallo. Bai yabe ni ba. Ya juya ya nuna mini tulin ɓuntu da ya kusa kai tsayin katanga, sannan ya nuna itacen da ya saya na turara, ya ce, "Dakta, wancan ina biya a kwashe, wannan ina biya a kawo. Babu yadda za a yi wancan ya zama wannan?"

Na ce akwai, amma sai mun gwada irin murhun da zai dace da tukunyarsa, kuma sai na nemo maƙeri. Ya ce maƙeri ba matsala ba ne, yana da nasa. Shugaban sashenmu ya yarda in riƙa ɗage darasin Alhamis, ko da yake ya gaya mini gaskiya cewa babu inda zai rubuta wannan a fayil ɗina. Ɗalibai biyu 'yan ajin ƙarshe sun karɓi aikin a matsayin kundinsu. Alhamis mai zuwa za mu koma da sikeli da zanen farko, maƙerin ya ce mu same shi bayan sallar azahar.